Daga kofin koko zuwa cikin jinjiri

Assalamu alaikum jama'ar zango. Da safe a Aboabo ko Asawase a nan Kumasi, ka tsaya wajen mai koko, ka haɗa da ƙosai mai zafi. Da ka haɗiye, ina suka nufa?

Tun a baki aiki ya fara, domin miyau na da sinadarin da ke farfasa sitacin gero. Daga nan lomar ta bi maƙoshi ta sauka cikin tumbi, jakar tsoka ce da ke murɗawa tana dama abinci kamar mai damun fura. A rana tumbi na fitar da ruwan narkarwa kusan lita 2, a ciki akwai asid mai kashe ƙwayoyin cuta da kuma sinadarin pepsin da ke yanyanka naman da ka ci ko waken ƙosai. Me ya hana asid ɗin cinye tumbin kansa? Wata majina mai kauri ce ta lulluɓe bangonsa. Idan ta samu rauni, galibi saboda wata ƙwayar cuta ko yawan shan magungunan ciwon jiki, sai gyambon ciki ya kama mutum.

Ruwa ba ya daɗewa, cikin mintuna kaɗan yake gangarawa hanji. Tuwon zafi da nama kuwa sai ya yi awa 2 zuwa 4, mai maiƙo ma ya fi haka.

To iyayenmu mata da kakanni, ga inda nake roƙon ku saurara da kyau. Ranar da aka haifi jariri, abin da tumbinsa ke ɗauka bai wuce cokalin shayi ɗaya da 'yan kai ba, mililita 5 zuwa 7. Dakashin nan mai kauri da wasu ke matsewa su zubar, daidai wannan ma'auni yake zuwa, kuma shi ne kariyarsa ta farko. Ranar suna, tumbin ya kusa girman ƙwan kaza. Shi ya sa yake neman mama sau 8 zuwa 12 a yini da dare, nonon bai gaza ba.

Zafin Kumasi kan sa kaka ta ce a ɗan ba shi ruwa, kuma tausayi ne ya sa ta faɗa. Amma nonon uwa kusan kashi 87 cikin 100 ruwa ne. Duk cokalin ruwa ko koko da ya shiga ya tare wurin nono, zai iya kuma jawo gudawa. Nono zalla har wata 6, haka ma'aikatan jinya ke nanatawa wajen awo.

Tumbuɗi fa? Ƙofar da ke saman tumbinsa ce ba ta yi ƙwari ba tukuna. A saɓa shi a kafaɗa har ya yi gyatsa. Idan kuwa aman kore ne, ko yana feshi da ƙarfi bayan kowane shan mama, ko nauyinsa ya tsaya, kada a jira ranar awo, a kai shi asibiti ranar.