Sharhi: Aikin sa-kai a unguwa da nauyin da ke kan hukumar birni

Jama'a masu sauraro, sharhinmu na yau zai dubi yadda hukumomin birane suke jawo mazauna unguwanni su sa hannu wajen raya wuraren da suke zaune, da abin da ke sa irin wannan shiri ya ɗore ko ya mutu.

Babu magajin garin da ba ya son ya ga jama'a sun fito sun share tituna, sun yashe magudanan ruwa, sun dasa itatuwa, ba tare da an biya su ba. A Ruwanda doka ce ta tanadi haka: ranar Asabar ta ƙarshen kowane wata, duk mai shekara 18 zuwa 65 yana fita aikin gayyar da ake kira Umuganda, kuma tsaftar Kigali, babban birnin ƙasar, ta zama abin kwatance a Afirka. Sai dai aikin da ake cin tarar wanda bai fito ba ya fi kusa da tilas, don haka ba shi ne zai nuna mana abin da ke sa mutum ya fito don raɗin kansa ba.

Birnin Seattle na Amurka ya bi wata hanya daban. A 1988 ya kafa asusun da ke ba mutanen unguwa kuɗi su yi aikin da su da kansu suka zaɓa, bisa sharaɗin su ma su kawo nasu kason, kuma ana ƙiyasta sa'o'in da suka yi suna aikin sa-kai a matsayin kuɗi. Wato guminsu yana da daraja a lissafin hukuma.

Misalin da ya fi cancantar a tsaya a kansa shi ne na Porto Alegre a Brazil. A 1989, zamanin magajin gari Olívio Dutra, aka fara kiran tarurruka yanki-yanki, inda mazauna suke jera buƙatunsu bisa muhimmanci, su zaɓi wakilan da za su bi diddigi har buƙatun su shiga kasafin kuɗin birni. Talakawan bayan gari, waɗanda a da ba a jin muryarsu, sun nemi ruwan famfo da kwalbatoci da kwalta, kuma da suka ga ana yin abin da suka nema, sai masu halarta suka ƙaru har suka kai dubbai. Tsarin ya bazu a duniya, har Paris ta ɗauke shi a 2014, ta ware masa kashi 5 cikin 100 na kuɗin manyan ayyukanta. Amma a Porto Alegre ɗin kanta, bayan sauyin shugabanci a 2004, ayyukan da jama'a suka zaɓa sun yi ta taruwa ba a aiwatar ba, gwiwoyi suka yi sanyi, har aka dakatar da tarurrukan a 2017.

A ganinmu, nan ne hukumomi da yawa suke kuskure, domin suna neman ƙarfin jama'a amma suna ƙyashin ba su ikon yanke shawara. Mutanen da suka tara shara ranar aikin gayya, motar hukuma kuma ba ta zo ta kwashe ba har ruwan sama ya mayar da ita cikin magudana, da wuya su amsa kira na biyu, kuma ba za a ga laifinsu ba.

Akwai kuma batun waɗanda suke halartar taron. Idan aka sa shi a lokacin da ma'aikacin yini yake neman abin kaiwa bakin salati, ko a wurin da uwa mai goyo da mai buƙata ta musamman ba za su iya isa ba, masu hali da masu sarari ne kaɗai za su yi magana da yawun unguwa. Wajibi ne hukuma ta kai taron cikin unguwar, a lokacin da ya dace da mazaunanta, sannan ta bayyana a fili aikin da aka amince da shi, da kuɗinsa, da ranar kammala shi, da jami'in da za a tuhuma idan ranar ta wuce.