Riga kafin man shafawa: lacca kan ƙunar rana

An rubuto wannan ne daga faifan laccar da wata likitar fata ta yi wa iyaye da malaman firamare a Zariya.

Assalamu alaikum. Iyayena, malamai, sannunku da fitowa cikin wannan zafi.

Na san akwai mai cewa a ransa, mu baƙaƙen fata ina ruwanmu da ƙunar rana, ai ciwon Turawa ne. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Allah ya sa mana wani sinadari a fata, melanin, shi ke ba ta launi, shi ke kuma tare wani haske da ido ba ya gani, wanda ake kira UV. Wannan hasken ne ke ƙona fata, ba zafin da jiki ke ji ba. Shi ya sa ko cikin hunturu, ko ranar da gajimare ya ɗan lulluɓe sama, mutum kan ƙone bai ankara ba. Zariya kuwa digiri 11 kacal take arewa da layin da ya raba duniya biyu a tsakiya, rana a tsaye take dukanmu, musamman daga ƙarfe 10 na safe zuwa 4 na yamma.

To amma ba kowa ke da wannan kariyar ba. Akwai masu fararen tabbai a jiki. Akwai masu shan wasu magunguna, irin su doxycycline da wasu na hawan jini, da ke sa fata ta kasa jure rana. Akwai 'yan bilicin, waɗanda da kuɗinsu suka sayi man da ke kashe melanin ɗin, daga baya su zo mana da kumatu sun ƙone sun yi baƙi ƙirin. Su wannan sai mun ware musu rana guda.

Yau zabaya ne a gabana. Kuma bari in faɗa tun da iyaye maza na nan: ba laifin uwa ba ne. Sai uba da uwa duk suna ɗauke da ƙwayar halittar, sannan a kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi zabiya.

Malam, gobe in an tsaya asambule, ka zagaya bayan layi ka dubi ƙeyar yaron nan zabiya. Ka dubi saman kunnensa da leɓensa na ƙasa. Za ka ga jajur, wani wurin yana saɓa, wani wurin ya yi kaushi har da ɗige-ɗige masu duhu. Yaro ba zai yi ƙorafi ba, ya saba. Amma fata ba ta mantuwa. Ƙunar da ya sha yana aji biyu tana nan a ajiye, ta bana ta hau kanta, har ya kai shekara ashirin da wani abu a ga ƙurji ya fito a wuya ko a kunne ya ƙi warkewa. Sau da yawa kansar fata ke nan, kuma ita ce ke kashe zabaya da dama a Afirka tun suna da ƙuruciyarsu.

Akwai man kariya. A nemi mai lamba SPF 50, wato lambar da ke nuna ƙarfin kariyarsa daga rana, a shafa da kauri, a sake duk bayan awa biyu, da kuma bayan alwala ko gumi. Man kaɗe da basilin ba sa maye gurbinsa. Sai dai mu faɗi gaskiya, magidanci nawa ne zai iya sayen kwalba bayan kwalba a wannan tsadar? Shi ya sa ni na fi ƙarfafa sutura. Ita sau ɗaya ake ɗinka ta.

In kin shiga kasuwar Sabon Gari, Hajiya, kada ki tsaya ga kyan zane. Ki warware yadin, ki ɗaga shi sama ta wajen haske. In kina hango rana ta cikinsa, ita ma tana hango fatar ɗanki. Shadda mai matsattsiyar saƙa da atamfa mai kauri sun yi. Leshi mai huji-huji da gyale shara-shara ado ne kawai. Launi mai duhu ya fi fari tarewa, kuma farar singileti in ta jiƙe da gumi kariyarta ƙara raguwa take. Kayan da ake shigowa da su masu tambarin UPF 50 suna tare kashi 98 cikin 100 na hasken, amma telanku na unguwa zai iya ɗinka abin da ya wadatar: dogon hannu har wuyan hannu, wuya mai tsayi da zai rufe ƙeya, dogon wando.

Sai kai. Zanna bukar hula ce ta mutunci, amma kunne da ƙeya a waje ta bar su, haka ma hana-salla. Malfar da Fulani da manoma ke sawa ta fi su nesa ba kusa ba, muddin saƙarta a matse take kuma faɗin bakinta ya kai yatsu huɗu. A haɗa da tabarau mai tare UV.

Roƙona ga shugabannin makarantu, ku bar yaron ya sa dogon hannu da malfa ko da yunifom bai tanadi haka ba. Kada a sa shi durƙuso a rana da sunan horo. A aji kuma a zaunar da shi gaba, don ganinsu yana da rauni.

In ƙuna ta riga ta faru, ruwa mai sanyi da jiƙaƙƙen tsumma, a ba shi ruwa ya sha, da farasitamol in da zogi. Ban da man goge baki, ban da fasa bororo. Gyambon da ya wuce wata bai warke ba kuwa, a kai shi asibitin koyarwa na Shika, kada a tsaya shafe-shafe.

Baba can baya yana tambaya, yaro ba zai dahu ba cikin dogon kaya masu duhu a bazara? Baba, ba sai baƙi ba, shuɗi ko kore mai duhu ma sun isa. Abin lura shi ne a ɗinka su da yalwa, na auduga, yadda iska za ta riƙa shiga, kamar dai yadda taka rigar take.