Tazarar da ke buɗewa kafin yaro ya shiga aji

Ɗan mai hali da ɗan talaka na zaune a aji ɗaya, gaban malami ɗaya, sai a ɗauka an yi musu adalci. Alhali tazarar ta riga ta buɗe tun kwanaki 1,000 na farko, wato daga ɗaukar ciki zuwa cikar shekara 2, lokacin da ƙwaƙwalwa ke saurin girma. Idan abinci mai gina jiki ya yi ƙaranci a wannan tsakanin, yaro kan tsumbure, kuma rama abin da ya rasa yana da wuya.

Sai dai ba a abinci kaɗai matsalar take ba. A birnin Kingston na ƙasar Jamaika, tsakanin 1986 da 1987, masu bincike sun ɗauki yara 129 da suka tsumbure, 'yan wata 9 zuwa 24. Wasu aka ba su ƙarin abinci. Wasu kuma ma'aikaciyar lafiya ke zuwa gidansu sa'a ɗaya a mako har shekara 2, tana nuna wa uwa yadda za ta riƙa yi wa ɗanta hira, ta faɗa masa sunan abin da ya taɓa, su yi wasa da kayan da aka haɗa a gida. Bayan shekara 20, kuɗin da yaran da aka ziyarta ke samu a wajen aiki ya fi na sauran da kusan kashi 25 cikin 100. Tasirin ƙarin abincin kuwa bai ɗore ba.

To makaranta fa? Uganda ta soke kuɗin firamare a 1997, Kenya a 2003, yara suka yi tururuwa. Abu ya yi kyau, amma azuzuwa suka cika maƙil. Malami na gudu ya ƙare manhaja, wanda bai gane haruffa ba a bar shi a baya. Ɗan mai hali a ɗaukar masa malamin gida, ɗan talaka ya zauna shiru yana kwafar allo.

Ƙungiyar Pratham a Indiya ta ɓullo da gyara mai arha. A gwada kowane yaro shi kaɗai: yana gane harafi? Kalma? Sakin layi? Gajeren labari? Sai a raba su rukuni-rukuni bisa inda kowa ya tsaya, a ajiye batun shekaru, a koyar da su sa'a ɗaya ko biyu kullum, a sake gwaji bayan 'yan makonni, wanda ya ci gaba a ɗaga shi. Inda tsarin ke rushewa shi ne idan an horar da malamai amma ba a ware masa lokaci a jadawali ba, ba kuma mai zuwa duba aiki. Nan da nan malami ke komawa bin manhaja, domin a kanta za a tuhume shi.