Inanna: daga allunan yumɓun Iraƙi zuwa ɗakunan masu bautarta na yau

Masu sauraro, barkanmu da wannan lokaci. Sharhinmu na yau ya leƙa wata tsohuwar abar bauta ce ta mutanen Sumer, a kudancin Iraƙi ta yanzu, wadda aka daina yi wa hidima tun ƙarnoni masu yawa, sai ga wasu a Amurka da Turai sun tono ta suna kunna mata turare. Sunanta Inanna, mutanen Akkad da Babila kuma suna ce mata Ishtar. Soyayya da yaƙi duka ita suka ɗora wa. Babban ɗakin bautarta, Eanna, yana birnin Uruk, kangon da ake kira Warka a yau. Alamunta su ne zaki, da tauraro mai tsini takwas, da kuma Zara, wadda muke ce wa Gamzaki idan ta fito da asuba.

Babu wata al'umma da ta riƙe wannan bauta kaka da kakanni har ta miƙa wa 'yan yau. Igiyar ta daɗe da tsinkewa. Abin da ke hannunsu daga allunan yumɓu ya fito, musamman waɗanda aka tono a kangon birnin Nippur na Iraƙi tsakanin 1889 da 1900, aka kuma raba gutsattsarinsu tsakanin Istanbul da Filadelfiya. Masani Samuel Noah Kramer ya yi shekaru yana harhaɗa su, sannan a 1983 shi da Diane Wolkstein suka fitar da labaran Inanna cikin Turanci mai sauƙi. Littafin ya faɗa hannun mabiya Wika, addinin da Gerald Gardner ya bayyana a Ingila a shekarun 1950. Ba su da yawa: a ƙidayar 2021 ta Ingila da Wales, kimanin mutum 74,000 ne suka ce suna bin addinan dā da aka farfaɗo da su, wasu 13,000 kuma suka ce Wika suke yi. Masu Inanna ɗan yanki ne daga cikinsu.

Babban bikinsu ya ginu ne kan labarin saukarta lahira, ƙasar 'yar'uwarta Ereshkigal. Ƙofofi bakwai ta wuce, a kowace mai gadi Neti ya sa a cire mata abu ɗaya: rawanin sarauta, sarƙar wuya ta shuɗin dutsen lazuli, duwatsun ƙirji, adon ƙirji, zoben zinare, sandar awo da igiyarta, daga ƙarshe rigar sarauta. Ta isa tsirara, aka kashe ta, aka rataye gawar a ƙugiya kwana uku. Masu bikin a yau sukan jera fitilu ko labule bakwai a ɗaki. Wanda zai sauka yana sanye da abubuwa bakwai, kowanne ya ba shi ma'ana: muƙami, dukiya, suna da sauransu. A kowace ƙofa ya ajiye ɗaya, ya shiga wuri mai duhu ya zauna shiru. Tilas a sami mai jira a waje, a matsayin Ninshubur, baiwar Inanna da ta nemo taimakon Enki, abin bautarsu na hikima, domin mai jiran ne zai kawo burodi da ruwa ya fito da wanda ya sauka. Masu shirya bikin kan yi gargaɗi a nan: idan aka yi saukar aka bar dawowar, mai fama da damuwa na iya fita cikin halin da ya fi na shigarsa muni. Shi ya sa ake mayar da kayan bi da bi, daga ƙofa ta bakwai zuwa ta farko.

Lokacin kuwa da Zara ake auna shi. Zagayenta kwana 584 ne. Takan yi kusan kwana 263 tana fitowa da asuba, ta ɓace wajen kwana 50 a bayan rana, ta sake yin kusan 263 tana fitowa da magariba, sannan ta ɓace kamar kwana takwas. Wasu na ƙirga haɗuwarta da wata, kusan sau ɗaya kowane wata, su ce kowace haɗuwa ƙofa ce. Lissafin na zamani ne, ba ya cikin allunan, kuma wani zagayen haɗuwar kan kai takwas, sai tsarin ya karkace.

Akwai wasu da ba su yarda da wannan sassauci ba, su sai abin da rubutu ya tabbatar. Suna bin watan sama, su fara da ganin jinjiri, su yi hidima ranakun 1 da 7 da 15 kamar yadda aka yi a zamanin daular Ur, wani tsohon birnin Sumer. Abin da suke ajiyewa dabino ne, da burodin sha'ir, da giyar sha'ir ko ruwa, da turaren itace. Sukan karanta waƙoƙin da ake jingina wa Enheduanna, 'yar Sarki Sargon, wadda ta rayu wajen shekara 2300 kafin haihuwar Annabi Isa.

To, a ina ake yin tuntuɓe? Wuri mafi girma shi ne mayar da Inanna uwa mai tausayi. Allunan ba su nuna ta haka ba. Ita ce ta rusa dutsen Ebih saboda bai rusuna mata ba. Masana da yawa suna ganin neman faɗaɗa mulki ne ya kai ta lahira, ba neman sanin kai ba. Fassarar nan ta warkar da zuciya daga masu nazarin halayyar ɗan Adam na shekarun 1980 ta fito. Ƙarshen labarin ma sau da yawa akan tsallake shi: ba a fita lahira sai an ba da madadi, ita kuwa da ta tarar da mijinta Dumuzi a kan karaga ba ya makokinta, sai ta nuna shi aka tafi da shi. Daga baya 'yar'uwarsa Geshtinanna ta ɗauke masa rabin shekara.

Sai zancen da ke yawo a Facebook duk shekara, wai bikin Ista daga sunan Ishtar ya samo asali. Kamar sauti ce kawai. Sunan na Turanci daga tsohon harshen Ingila ya fito, yawancin harsunan Turai ma da sunan Idin Ƙetarewa na Yahudawa suke kiran bikin. Haka nan akwai tuntuɓe a kan hoton mace mai fukafukai da ƙafar tsuntsu da ake saye a kafa a ɗaki a matsayin Inanna. Asalinsa yana gidan tarihin Birtaniya tun 2003, kuma masana ba su daidaita kan ko wace ce ba: wasu sun ce Ishtar, wasu sun ce Ereshkigal ce, wato wadda ta rataye ta.

Abu na ƙarshe ya shafi Iraƙi kai tsaye. Wasu masu sha'awa kan nemi tsohon hatimi ko allo na asali a kasuwar intanet. Da yawan irin waɗannan kaya jabu ne, na gaskiyar kuma sau da yawa daga haƙar sata suka fito. A watan Afrilun 2003 an wawashe gidan tarihin Bagadaza, har da tulun Warka mai shekara kusan 5,000, wanda ke nuna jerin mutane suna kai wa Inanna amfanin gona. An dawo da shi bayan 'yan watanni, a farfashe.