Tayar da injin Peugeot 504 da ya gaji

Jama'ar Damagaram, barkanmu da war haka. Ga Peugeot 504 a gabanmu, mai injin fetur XN1, silinda huɗu, faɗin kowace milimita 88. Tana fitar da shuɗin hayaƙi, tana shan baƙin mai kamar ruwa, in ta kama hanyar Tanout da kaya sai nishi. Motar ta fara fitowa a 1968, an kuma daɗe ana harhaɗa ta a Kaduna, shi ya sa kayanta ba su ɓace a kasuwa ba.

Kafin ka kwance noti ko ɗaya, auna matsin silinda. Injin ya yi zafi, a cire buji (filogi) huɗun, a take totur har ƙasa, a murza makulli. In wata silinda ta gaza sauran da fiye da kashi 10 cikin 100, zuba mata cokali ɗaya na baƙin mai ta ramin buji, ka sake aunawa. Allura ta hau? Sagiman ne ya cinye, wato zoben piston, wanda ƴan Kano ke ce wa ring. Ba ta motsa ba? Duba supap (bawul) ko juwan kulas (gasket ɗin da ke tsakanin kan inji, wato kulas, da bulok), wannan kuwa ba sai an sauke inji ba.

To, ga inda 504 ta bambanta da yawancin motoci. Silindarta ba a jikin bulok aka haƙa ta ba. Shamiz ce da ake zurawa, ruwan radiyata yana zagaye ta kai tsaye. Daɗin abin, ba sai ka kai bulok wurin masu yanka ba: ka sayi shamiz da piston da sagiman saiti guda, ka canza. Wahalar abin, shamiz tana motsi. Don haka kada ka ɗaga kulas sama da ƙarfi. Bar noti ɗaya na gefe a kwance-kwance, ka gusa kulas ɗin gefe har ya saki juwan, sannan ka ɗaga. Da ya fita, danne shamiz da noti da faffaɗan washa. Ka juya bilbirkan, wato sandar da piston ke juyawa, ba tare da haka ba, piston ya tura shamiz sama, juwan na gindinta ya buɗe, gobe ka ga mai ya koma kamar kunun gyaɗa.

Ku kalli nan da kyau. Bakin kowace shamiz sai ya ɗan ɗara saman bulok, da abin da bai wuce kaurin takarda ba. Da agogon awo ake duba shi, ba da farce ba, a daidaita da siraran juwan na gindi bisa adadin da littafin motar ya faɗa. Ya yi ƙasa, juwan kulas ba zai dannu ba, zai ƙone. Injin da aka gyara jiya ya tafasa yau, yawanci nan aka yi sake.

Kulas ɗin alminiyom ne, zafi yana lanƙwasa shi. Ɗora masa ƙarfe madaidaici. In ratar da ke ƙarƙashinsa ta wuce adadin da littafin motar ya faɗa, a kai a goge shi.

Bilbirkan yana zaune kan kusine biyar, wato ƙarafan da yake juyawa a cikinsu. Goga farce a wuyansa: in ya maƙale a zane, sai an yanka, a kuma sayi kusine daidai da girman yankan. A wanke ramukan mai da buroshi, a hura iska. Sagiman kuwa a zura shi cikin shamiz a auna bakinsa, wajen milimita 0.4. Ya matse da yawa, zafi ya buɗa shi, ya karye. Gefen da aka rubuta TOP ya kalli sama, bakunan ukun kuma a raba su, kada su yi layi ɗaya.

Maganar ƙura. Haɗa inji a fili lokacin hunturu ɓarnar kuɗi ce. Ƙwayar rairayi ɗaya a kan kusine ta isa ta zana sabon yanka. A shiga ɗaki, a yayyafa ruwa a ƙasa, kowane ƙarfe a shafa masa mai mai tsabta kafin ya zauna.

Notin kulas daga tsakiya ake fara ɗaure su zuwa waje, da sifana mai awo, mataki-mataki. Ratar supap a gyara ta da inji a sanyaye: na shiga milimita 0.10, na fita 0.25. Jerin wuta 1-3-4-2. A canza sarƙar kamshaf da famfon mai tun inji yana buɗe. A zuba 20W-50 saboda zafin Afrilu da Mayu, radiyata kuma a sa mata ruwan sanyaya inji, don ruwan rijiya yana cin kulas.

Kafin tayarwa, a murza ba buji har fitilar mai ta mutu. Kilomita 1000 na farko ban da lodi, ban da gudu. Daga nan a zubar da man, a canza matata, a sake ɗaure kulas da inji a sanyaye, a koma kan supap.