Lacca: Idan sakoidosis ta shiga jijiya da ido

Assalamu alaikum. 'Yan'uwa likitoci da ɗalibai, sakoidosis cuta ce da garkuwar jiki ke tara ƙwayoyinta wuri guda, su dunƙule su zama ƙananan ƙullutai da ake kira giranuloma. A marasa lafiya 9 cikin 10 tana taɓa huhu ko kaluluwar ƙirji. Waɗanda take nuna alama a jijiyoyinsu kuwa kashi 5 zuwa 10 ne cikin ɗari. Kaɗan ne, amma a cikinsu ake samun makanta da shanyewar ƙafafu.

Jijiyoyin kai ta fi kamawa. Mutum ya wayi gari baki ya karkace, ido ɗaya ba ya rufuwa, wani lokaci ɓangare biyu na fuska bi da bi. In aka haɗa da kumburin gefen kunne kamar hangum, da jan ido da zazzaɓi, to wannan ne abin da likitan ido Heerfordt na ƙasar Denmak ya bayyana a 1909. In jijiyar gani ce, gani na dusashewa cikin kwanaki ko makonni, launin ja ya koɗe. Ku riƙa tambayar ƙishirwa da yawan fitsari ma, domin ƙullutan na zama a gindin ƙwaƙwalwa inda ake sarrafa ruwan jiki.

Babu gwaji ɗaya da zai yanke hukunci. A yi hoton MRI na ƙwaƙwalwa da laka tare da allurar gadoliniyam, don ba tare da ita ba kumburin mayafin ƙwaƙwalwa yakan ɓuya. A ɗebi ruwan laka: sau da yawa za a ga fararen ƙwayoyin jini sun ƙaru, furotin ya hau, sukari wani sa'in ya sauka. Ku lura da kyau, haka sanƙarau na tarin fuka yake bayyana. A ƙasashen da tarin fuka ya yi yawa, irin namu, nan ne ake tuntuɓe. Likita ya ba da maganin danne garkuwa alhali tarin fuka ne, wato TB, sai ciwon ya bazu. Don haka a aika ruwan da majina gwajin GeneXpert mai gano ƙwayar TB, a duba tunjere da ƙanjamau, a kuma tuna da kansar kaluluwa. Gwajin ACE na jini, wani sinadari da ƙullutan ke samarwa, kada ya ruɗe ku. Sau da yawa yakan fito daidai a jikin mai cutar.

Hujja mafi ƙarfi ita ce ɗan nama a ƙarƙashin madubin likita. Ba sai an buɗe kai ba. A yi hoton CT na ƙirji, a laluba fata da kaluluwa, a yanko daga inda ya fi sauƙi. Ƙullutun sakoidosis tsakiyarsa ba ta ruɓewa kamar cuku, na TB kuwa yakan ruɓe.

Kowane mara lafiya likitan ido ya duba shi da na'urar haska cikin ido, ko bai yi ƙorafi ba. A cikin fata mai kamar gilashi da ke rufe baƙin ido, ta bayanta, akan ga ɗige-ɗige masu maiƙo kamar kitsen rago. Ana ɗiga firedinisolon, maganin rage kumburi da danne garkuwa, na kashi 1 cikin ɗari, tare da atirofin don buɗe ƙwayar ido kada ta manne, a riƙa auna hawan jinin ido.

Idan gani ko laka na cikin haɗari, ba a jira. Metilfiredinisolon giram 1 ta jijiyar jini kullum, kwana 3 zuwa 5, sannan firedinisolon na sha miligiram 1 a kowane kilo na nauyin jiki, a riƙa ragewa sannu cikin watanni. Rage shi da gaggawa shi ke dawo da ciwon. A sa ido kan sukari, hawan jini, ƙashi da yanar ido. Kada a ba da bitamin D kai tsaye sai an auna kalsiyam, domin ƙullutan da kansu suna kunna bitamin ɗin, kalsiyam ya hau ya cutar da ƙoda.

Ana haɗa firedinisolon da wani maganin danne garkuwa, metotireksat, miligiram 15 zuwa 25, sau ɗaya a mako, tare da folik asid. Ku rubuta ranar shan a jikin kwalin, ku sa mara lafiya ya maimaita muku, don shansa kullum yana kisa. Mai ciki ba ta sha. Ciwo mai tsanani ko mai taurin kai sai infiliksimab, shi ma mai danne garkuwa, miligiram 5 a kowane kilo, a ranar farko da mako na 2 da na 6, sannan duk bayan mako 4 zuwa 8. Kafin kashin farko a tabbatar an bincika TB mai kwance da ciwon hanta nau'in B, domin maganin yana tayar da su duka biyun.