Kafin ku ɗauko limuzin don daren kai amarya a Damagaram

Assalamu alaikum jama'ar Damagaram. Yau maganarmu da abokan ango ce, masu burin a kai amarya cikin doguwar motar nan da ake kira limuzin.

Ku dubi tsawonta da kyau. Ba haka ta fito daga kamfani ba. Mota ce kamar kowace, irin su Lincoln Town Car ta Amurka, aka raba ta biyu, aka ƙara ƙarfe a tsakiya, aka yi walda. Ƙaramar mota da wuya ta wuce mita 5, ita kuwa takan kai 8 ko 9. Town Car ɗin ma tun 2011 aka daina ƙera ta, saboda haka wadda kuka gani tana ƙyalli a hoton WhatsApp ta kwana biyu a duniya. Ku je ku gan ta da rana, ku tafi da bakanikenku.

Abin da zai fara dubawa birki ne, domin duk nauyin da aka ƙara a kansa yake. A watan Oktoban 2018, a jihar New York, birkin wata limuzin ya tsinke a gangara, mutum 20 suka rasu, galibinsu 'yan uwa da abokai da suka nufi walima. Motar ta riga ta faɗi gwajin lafiya, amma aka ci gaba da ba da ita haya. Don Allah kada ku ji nauyin tambayar takardu: kart giriz (takardar rajistar mota), asuransi (inshora), farmin direba (lasisin tuƙi). 'Yar mutane za a saka a ciki.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, wato hanya. A kan kwalta ba ta da matsala. Amma gidan amarya fa? In a Birni yake, kun san lungunan nan da katangun ƙasa suka matse, ga duwatsu sun leƙo daga ƙasa, ga kwanar da ko a-daidaita-sahu sai ta yi dabara. Tazarar da ke tsakanin tayoyin gaba da na baya tana da yawa, cikinta kuma na kusa da ƙasa. Ɗan tudu kaɗan, sai ku ji ƙuuu, ciki ya zauna, tayoyi na tona yashi. Amarya na lulluɓe tana kuka, gwaggonni sun jeru da ita, samari kuma da shaddarsu mai sitaci suna turi cikin duhu. Wannan ba abin da za a so wa kowa ba ne. Ku ɗauki direban a kan babur kwana ɗaya kafin biki, ku bi hanyar tun daga ƙofar gidan su amarya har gidan ango, ya gani da idonsa, ya nuna muku inda zai juya.

Na'urar sanyi kuma ku kunna ta, ku zauna can kujerar baya minti 10. A watan Afrilu da Mayu zafin garin nan na wuce digiri 40, kuma mota cike da mata da turaren wuta ba ta hucewa da wuri ko da dare.

Sai kuɗi. Kafin ku ba da kafin alƙalami, a rubuta komai a takarda. Wa zai zuba mai? In daga Kano ko Yamai za a kawo ta, kuɗin zuwa da komawa a kan wa yake? Yamai kusan kilomita 900 ce. Sannan ku yi ciniki na dare guda, kada ku yarda da lissafin awa. An ce bayan Isha'i, amma sai iyaye sun gama nasiha, sai an lallashi amarya, sha ɗaya ta yi ba a fito ba.

In direba ya ce motar ba za ta shiga lungu ba, ku yarda da shi. Ku tanadi ƙaramar mota mai tsayin ƙafa ta fito da amarya zuwa bakin kwalta, limuzin na jiranta a can.